Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shawara Ga Mai Niyyar Rubuta Ƙagaggen Labari

 

Bayan fitowar da ta gabata, wata ƙanwarmu daga nan Akpakpa ta aiko mana da wasiƙa ta hannun yayanta, ya miƙa mana a ƙofar masallaci bayan an sauko daga Juma'a. Ta ce shekara biyu ke nan wani labari yana cin ta a rai. Sau uku tana fara rubuta shi, kuma kowane karo da zarar ta kai shafi ashirin ko talatin sai alƙalami ya cije, ta rasa gaba ta rasa baya, ta tura littafin ƙarƙashin katifa. Tambayarta ita ce: baiwa ce Allah bai ba ta ba, ko kuwa akwai wata hanya da ba a nuna mata ba? Mun ga ya dace mu amsa a nan, domin mun tabbata akwai irinta da yawa a gidajenmu, maza da mata, waɗanda kunya ta hana su tambaya.

Ƙanwarmu, ciwon da kike kuka da shi mu ma mun yi jinyarsa. A shekarar 2010, muna ɗaliban sakandare, mun cika littattafan rubutu uku da labarin wani yaro da ya gudu daga gida. Wata rana bayan sallar Isha'i, da ɗalibai suka watse, muka yi ƙarfin hali muka kai wa mahaifinmu a zaure. Ya sa muka karanta masa babi biyu, yana saurare bai katse mu ba. Da muka dasa aya sai ya ce, "To, madalla. Amma yaron nan naka da ya bar gida, ina za shi?" Muka ce, "Malam, ai sai inda labarin ya kai shi." Ya yi murmushi ya ce, "Kakanninka ba su taɓa ɗaura wa jaki kaya ba sai sun san garin da za su sauke." A lokacin ba mu gane ba. Labarin ya maƙale a babi na bakwai, sannan ambaliyar da ta auka wa ƙasar nan a wannan shekarar ta shigo ɗakinmu ta jiƙa littattafan, tawada ta narke. Mun daɗe muna ɗora wa ruwa laifi, alhali labarin ya riga ya mutu tun kafin ruwa ya iso.

Saboda haka amsarmu a taƙaice ita ce: yawancin littattafan da suke mutuwa a tsakiyar hanya rashin shiri ne yake kashe su. Baiwa ta Allah ce, yana ba wanda ya so, amma shiri abu ne da ake koyo kamar yadda ake koyon ɗinki ko gini.

Me ya sa za mu rubuta?

Mu mutanen Zango, na nan Akpakpa da na tsallaken gada, mun daɗe muna karatun abin da wasu suka rubuta. Iyayenmu mata sun karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ake sayowa daga Kano, yau kuma ƙannenmu suna bin irinsu a wayoyinsu. A lakwal an karanta mana marubutan ƙasar nan da suka yi rubutu da Faransanci, irin su Paul Hazoumé da Olympe Bhêly-Quénum. Amma a duk littattafan Hausa da suka ratsa hannunmu ba mu taɓa cin karo da wanda tauraronsa ya hau zemijan ya tsallake gada zuwa Dantokpa ba, ko wadda take ciniki da Fonanci da safe, ta cike takarda da Faransanci da rana, ta yi wa jikokinta tatsuniya da Hausa da dare. Dattawan da suka san yadda aka zo aka zauna a nan suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, yaranmu kuma Hausarsu tana raguwa. In ba mu rubuta kanmu ba, ba mai zuwa daga Kano ko Paris ya rubuta mu.

Wani zai ce, ashe ƙaga labari ba ƙarya ba ce? Ƙarya ita ce a faɗa wa mutum abin da bai faru ba domin ya ɗauka ya faru. Mai ƙagaggen labari kuwa shi da mai karatu sun yi yarjejeniya tun daga bangon littafi cewa misali ake bugawa. A zaurukan malamanmu an daɗe ana karanta Muƙamatul Hariri, maƙamomi hamsin na malamin Basra da ya rasu a 1122, alhali kowa ya san Abu Zaidin da ke cikinsu ƙirƙirarsa aka yi. Abin lura shi ne abin da labarin ya ƙunsa da inda yake jan mai karatu, kuma za mu dawo kan wannan a ƙarshe.

Kada kuma ƙuruciya ko ƙarancin karatu su karya wa kowa gwiwa. Lokacin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin R. M. East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja, Shaihu Umar, Ganɗoki, Idon Matambayi da Jiki Magayi, Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa ba su wuce shekara 22 ba. Hafsatu Abdulwahid ta buɗe wa mata ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma karatun manya, ga shi littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 an fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012.

Labari a jimla guda

Kafin a sayi littafin rubutu, a zauna a amsa tambayoyi uku: wane ne tauraron labarin, me yake nema ido rufe, kuma mene ne ya tare masa hanya? In amsar ba ta shiga jimla ɗaya ko biyu ba, labarin bai nuna ba tukuna. A dubi Ruwan Bagaja: Alhaji Imam ya fita neman wani ruwa da zai warkar da ɗan sarki, duk sauran abin da ke cikin littafin, har da karonsa da Malam Zurƙe, a kan wannan hanya ya same shi. Saboda mai karatu ya san abin da aka fita nema, duk ratsen da aka yi ba ya ɓata.

Bari mu ƙaga misali daga unguwarmu, mu riƙe shi har ƙarshen wannan rubutu. Wata bazawara mai 'ya'ya huɗu tana fataucin shinkafa tsakanin Kwatano da iyakar Seme, kuma ita ce uwar adashin matan layinsu. Ta zuba kuɗin adashi a cikin kaya da niyyar mayarwa kafin ranar kwasa, sai Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, kaya suka maƙale. Tana so ta mayar da amanar mutane kafin asirinta ya tonu, abin da ya rage mata kuwa shi ne rabonta da na 'ya'yanta a gidan gado, wanda ƙanin mijinta ya daɗe yana so a sayar. Ga tauraruwa, ga buƙata, ga shinge. Ga kuma abin da za a rasa: ko mutunci, ko matsuguni.

A lura ba mu ce "labari ne a kan muhimmancin riƙon amana" ba. Wannan jigo ne, kuma jigo kamar gishiri yake a miya, ana jin sa a baki ba a ganin sa a kwano. Wanda ya fara da darasi sannan ya nemo mutanen da zai rataya wa, huɗuba zai rubuta, ita kuwa huɗuba tana da mumbarinta.

Babi zango ne

Sunan unguwarmu kansa darasi ne. Zango shi ne inda ayari yake yada kaya ya kwana. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro, suna ratsa Nikki da Jugu a arewacin ƙasar nan, tafiyar watanni suke yi, kuma madugu ba ya cewa a tashi sai ya san zangon da za a kwana, da inda ruwa yake, da inda ake biyan fito, da inda 'yan fashi suke tare hanya. Marubuci madugu ne, babobinsa su ne zangunansa.

Abu na farko, a san masauki. A rubuta ƙarshen labarin a takarda tun kafin a rubuta farkonsa. A misalinmu, mu ce bazawarar nan ta samu damar sulalewa Paraku da dare ba wanda ya sani, amma ta tsaya, ta tara matan ta faɗa musu gaskiya da bakinta, ta yarda a sayar da gidan. Da zarar mun san haka, mun san abin da kowane babi zai yi: zai ƙara matse ta har guduwa ta zama abu mai sauƙi, tsayawa ta zama abu mai tsada. Ba laifi in an yi nisa a ga wani ƙarshen ya fi, a canza. Madugu ma yakan sauya hanya in ya ji labarin kogi ya cika. Amma wanda ya sauya hanya daban yake da wanda bai taɓa sanin inda za shi ba.

Abu na biyu, a jera zanguna. A ɗauki takarda guda, a rubuta lamba 1 zuwa 20, ko 15, gwargwadon girman labarin. Gaban kowace lamba a rubuta layi biyu: me ya faru, kuma me ya canza. In babi ya ƙare tauraruwa tana yadda take a farkonsa, ba ta samu ba, ba ta rasa ba, ba ta gano komai ba, wannan babi hira ce kawai, a cire shi ko a haɗe shi da wani. Kashi ɗaya cikin huɗu na farko ya gabatar da mutane ya jefa su cikin matsala. Rabin da ke tsakiya ya zama ƙoƙarin fita, kowane ƙoƙari yana ƙara dagula lamari. Kashin ƙarshe ya kawo ranar da ba makawa sai an zaɓa, da abin da ya biyo baya.

Ƙanwarmu, shafi na ashirin ko talatin da kike maƙalewa shi ne daidai inda gabatarwa take ƙarewa, tsakiya ta fara. Zumuɗin farko ya kai ki nan, daga nan kuwa sai guzuri. Maganin tsakiya shi ne abu na uku: kowane zango ya zama shi ya haifi na gaba. A gwada karanta jerin babobin da baki. In abin da ke haɗa su shi ne "sai kuma, sai kuma", igiyar ba ta da ƙarfi. In kuwa "saboda haka" ne da "amma", labari ya ƙullu. Ta ranci kuɗi wurin wani ɗan canji domin ta biya mai kwasar farko, saboda haka yanzu mutum biyu suke bin ta. Ta roƙi ɗanta ya bi da kaya ta ɓarauniyar hanya, amma aka kama shi, saboda haka kuɗin da ta ranto suka tafi wajen fito da shi. Jiki Magayi a kan irin wannan sarƙa aka gina shi: attajiri ya raba saurayi da budurwarsa da ƙarfin dukiya, saurayi ya fita neman hanyar ramuwa, ramuwar ta faɗa kan ɗan da aka haifa, ɗan ya lalace har ya zama ajalin mahaifinsa bai sani ba. Ba ƙarfe ɗaya da za a zare sarƙar ba ta tsinke ba.

A san mutanen kamar 'yan gida

A ware wa kowane babban tauraro shafi guda a wani littafi dabam. A rubuta shekarar haihuwarsa, asalin iyayensa, sana'arsa, harsunan da yake ji, abin da yake so, abin da yake tsoro, da abin da yake ɓoyewa. A ƙara da yadda yake magana: mai yawan karin magana ne, ko mai gajeren zance, ko wanda ba ya gama jimla sai ya sa Faransanci? Rabin wannan ba zai shiga littafin ba, amma shi zai hana a ce mace tana da 'ya'ya huɗu a babi na biyu, su koma biyar a babi na tara.

A guji mutumin kirki da ba shi da aibi, da mugun da ba shi da dalili. Bazawararmu mai sallah ce mai kyauta, amma ta taɓa kuɗin da ba nata ba, kuma girman kai ya hana ta faɗa da wuri. Ƙanin mijinta mai naci ne, amma wataƙila shi ma 'yarsa ce take kwance asibiti. In mai karatu ya iya cewa "ni ma da zan iya yin haka", an kama shi. Kada kuma a cika gida da jama'a. Manyan taurari uku zuwa biyar sun isa littafin farko, kuma a bambanta sunayensu, kada a tara Hasana da Husaina da Hasiya a shafi guda.

Gani ya kori ji

Wanda zai rubuta unguwa sai ya taka ta da ƙafa, da ɗan littafi a aljihu. A je a zauna wurin mai sayar da shinkafa a ji yadda ake taya buhu. A tambayi uwar adashi yadda take rubuta zubi da yadda ake yi in wata ta gaza. A tambayi malami hukuncin rabon gado kafin a rubuta babin gado, domin masu karatunmu sun san tumunin takaba, kuskure ɗaya a nan zai zubar da mutuncin littafin duka. Paul Hazoumé ya daɗe yana tattara tarihi da al'adun masarautar Dahome kafin ya fitar da Doguicimi a 1938. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya samu kyautar Nobel a 1988, lungunan tsohuwar Alƙahira da ya tashi a ciki su ya yi ta rubutawa, har akwai littafinsa na 1947 da kusan dukkansa a lungu guda yake. Ashe ƙanƙantar wuri ba ta rage girman labari.

A kuma daidaita labari da tarihi. A ja layin shekaru a takarda, a sa abubuwan da suka taɓa rayuwar mutanenmu: korar baƙi daga Gana a 1969, sauya sunan ƙasa daga Dahome zuwa Benin a 1975, korar baƙi daga Nijeriya a 1983, babban taron ƙasa da aka yi a otal ɗin PLM Alédjo a nan Akpakpa a watan Fabrairun 1990, karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, ambaliyar 2010, rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Sannan a ɗora rayuwar taurari a kai. Nan take za a ga shekarun bazawarar lokacin da kuɗi suka karye, a gane dalilin da ya sa ba ta yarda da ajiyar kuɗi sai ta juya su. Dattawanmu su ne ɗakin karatunmu a wannan fanni, da tsohuwar zuma ake magani. A je musu da ladabi da ɗan goro, a nemi izini kafin a ɗauki muryarsu a waya.

Wa ke ba da labarin, kuma da wace Hausa?

Wannan shawara ce da za a yanke tun farko a tsaya a kanta. A Shaihu Umar, malamin ne da kansa yake ba ɗalibansa labarin rayuwarsa. Mariama Bâ ta Senegal ta zuba littafinta na 1979, Une si longue lettre, a matsayin wasiƙar da mace mai takaba take rubuta wa aminiyarta. In tauraruwa ce take magana da bakinta, za mu shiga zuciyarta sosai, amma ba za ta iya gaya mana abin da aka ƙulla a bayan idonta ba. In marubuci ne yake ba da labari daga gefe, yana iya shiga kowane ɗaki, sai dai ya kiyaye tsalle daga zuciyar wannan zuwa ta wancan a cikin sakin layi guda. A gwada rubuta shafin farko ta hanyoyin biyu, a karanta da ƙarfi, kunne zai yi alƙalanci.

Game da harshe, shawararmu ita ce bayanin marubuci ya bi daidaitacciyar Hausa, domin na Zariya da na Maraɗi da na Kumasi su karanta ba wahala. Amma in taurari suka buɗe baki, a bar su su yi magana irin tamu. Yaronmu lakwal yake zuwa, abin da ake kira acaɓa a Kano, kabu-kabu a Nijar, a nan zemijan ne. Wannan shi ne ƙanshin littafin, kada a wanke shi. Sai dai a saƙa kalmar yadda baƙo zai gane ta daga zancen da ke kewaye da ita. A kula da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, domin akwai tazara mai nisa tsakanin "kafa" da "ƙafa", ko "bari" da "ɓari". Madannin kwamfuta irin na Faransanci da muka saba da shi ba ya ɗauke da su, amma ana iya sanya madannin Hausa a waya da kwamfuta.

A rage gaisuwa. A rayuwa mukan yi minti biyar muna tambayar gida da gajiya, a littafi layi ɗaya ya isa, sai fa in a cikin gaisuwar ne ake ɓoye wani abu. Kuma maimakon a ce "ta ji kunya ƙwarai", a nuna ta tana canza hanya don kada ta bi ta ƙofar wadda kwasarta ta zo.

Sannu ba ta hana zuwa

In shiri ya kammala, saura zama. A zaɓi lokaci guda a tsare shi: bayan sallar Asuba kafin gari ya waye, ko bayan yara sun tafi lakwal, ko bayan Isha'i. Mahfuz ma'aikacin gwamnati ne shekaru masu yawa, a sa'o'in da ya keɓe bayan aiki ya yi rubutunsa. A yi lissafi: kalma 300 a rana, wato kamar shafi ɗaya da rabi na littafin rubutu, cikin kwana 100 sun zama kalma 30,000, kuma wannan littafi ne cikakke. Ruwan Bagaja da Shaihu Umar ko shafi ɗari ba su kai ba, ga shi sun haura shekara 90 ana karanta su.

Kada a tsaya gyara ana cikin rubutun farko. Mai komawa babi na ɗaya kullum yana goge shi ba zai ga babi na goma ba. In an tuna wani abu da ya kamata a sauya a baya, a rubuta a gefen shafi a wuce. In an tashi daga rubutu, a tsaya a inda aka san abin da zai biyo baya, gobe ba za a sha wahalar tashi ba. Sannan a yi ajiya biyu. Mai rubutu a takarda ya ɗauki hoton kowane shafi, mai rubutu a waya ya riƙa tura wa kansa ko wani amintacce. Mu da ruwa ya ci namu mun san zafin abin, waya kuma tana faɗuwa, ana sace ta.

Wata shawara ga masu sakin labari babi-babi a WhatsApp: a gama rubutun farko kafin a saki ko shafi ɗaya. In aka fara saki ana rubutu, masu karatu ne za su karɓe linzami, wannan ta ce a kashe kishiya, wancan ya ce a ƙara soyayya, labari ya yi ta tsawo ba alƙibla.

Gyara kayanka, da amanar alƙalami

In an kai ƙarshe, a rufe littafin wata guda. Bayan nan a karanta shi kamar wani ne ya rubuta, da jan biro a hannu. Zagayen farko na gini ne: wane babi ne ba ya aiki, wane tauraro ne ya ɓace ba bayani? Zagaye na biyu na jimloli ne, a karanta da ƙarfi, duk inda harshe ya sarƙe a gyara. Na uku na ƙa'idojin rubutu ne. Sannan a ba mutum biyu ko uku masu faɗin gaskiya, kada a tambaye su ko ya yi daɗi, a tambaye su inda suka gaji da inda suka ruɗe. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wadda take son gwada ƙarfinta a gajeren zango tukuna, gasar Hikayata ta gajerun labarai da Sashen Hausa na BBC ya fara domin mata a 2016 ta nuna irin abin da ake iya yi da shafuka kaɗan.

Daga ƙarshe, amanar da muka ce za mu dawo kanta. Unguwarmu ƙarama ce, kowa ya san kowa. Wanda ya ɗauki sirrin maƙwabciyarsa ya canza mata suna kawai ya buga, giba ya yi da tawada, kuma ta fi ta baki daɗewa. A ɗauki hali daga nan, sana'a daga can, kama daga wani wuri, a narka su har mutum sabo ya fito wanda ba mai nuna shi da yatsa. Wannan ba ya nufin a ɓoye gaskiya. Cin amana, zaluncin gado, sakin wulaƙanci, duk suna cikinmu, kuma littafin da ya kau da kai daga gare su ba zai amfani kowa ba. Ana iya nuna ɓarna da sakamakonta ba tare da an ƙawata ta ko an tsiraita mutane ba. Ma'aunin da muke amfani da shi mai sauƙi ne: shafin da ba za mu iya karantawa a gaban mahaifiyarmu ba, mukan sake duba shi.

Ƙanwarmu, ki ciro littafin nan daga ƙarƙashin katifa, amma kada ki ci gaba daga inda kika tsaya. Ki ɗauki takarda guda, ki rubuta labarin a jimla ɗaya, ki rubuta ƙarshensa, ki jera zangunansa. In kin gama ki aiko mana ta hannun yayanki, mu duba tare. Haka ma duk mai irin wannan niyya, ƙofa a buɗe take. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu tattauna yadda ake buɗe babin farko da yadda ake rubuta zance tsakanin taurari.

Allah ya sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu, ya jiƙan magabatanmu da suka yada zango a wannan gari, ya shirya mana zuriya.